Zoben Alayyadi

Ƙarfe biyar na asuba na bar Agege,
ruwan Ikko yana dukan rufin danfo,
kwalabe uku a jakata suna karo da juna
kamar masu gulma a layin famfo.
Ɗaya man kwakwa, ɗaya man kaɗe,
ta ukun baƙa ƙirin, alayyadin Iya Risikatu,
wanda ta soya a bayan gida, hayaƙi na cin idonta.
Ta miƙo mini ta ce, "Je ki tambayi injinku."

A Idi-Araba ba a tambayar inji da baki.
Sai a wanke hannu, a sa safa,
a baza ƙwayoyin cuta a faranti
kamar mai shanya tsaki a tabarma,
a huda 'yar rijiya, a ɗiga, a rufe,
a ajiye a ɗumi, a tafi gida.
Rabin aikin haƙuri ne,
rabin kuma addu'ar kada a ɗauke wuta.

Ina shekara bakwai makero ya ci mini ƙeya.
Kaka Tasalla ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta,
ta lakato alayyadi ta murza.
Warinsa kamar gyaɗar da aka manta a kasko,
'yan ajinmu suka yini suna toshe hanci.
Ban san ranar da makeron ya tafi ba.
Ban sani ba ko man ne ya kore shi, ko gajiya ya yi.
Shekara ashirin ke nan wurin yana mini ƙaiƙayin tambaya.

Washegari na ɗaga farantin farko:
ƙwayoyin sun yi dandazo har bakin rijiya,
kamar 'yan cin walima.
Na ji kamar an ƙaryata kakata a bainar jama'a.

Dakta Abimbola ta leƙo ta saman tabarau.
"Mai ai dami ne," in ji ta,
"sarƙa uku, igiya ɗaya.
Kwance damin tukuna."
Muka kwance, muka tsamo asid ɗinsa,
fari, kamar kitsen da ya kwana a sanyi.

Faranti na biyu:
zobe.
Fili fes kewaye da ɗigon,
kamar inda aka share za a shimfiɗa buzu.
Na ɗora ma'auni, milimita goma sha ɗaya.
Na sake aunawa, don hannuna rawa yake yi.

Na ukun wata ƙwaya ce mai riga biyu,
ko gezau ba ta yi ba.
To, kowane allazi da nasa amanu.

Labari ya riga ni isa unguwa.
Kawu Sallau ya dawo daga mayankar Oko-Oba,
yatsansa da wuƙa ta sara tun Talata
ya kumbura kamar gauta, yana zogi har hammata,
ya naɗe shi da tsumma jiƙe da alayyadi.
"An ce kin tabbatar," ya ce, yana murmushi.
Na ce, "Kawu, faranti ba shi da jini,
ba shi da 'ya'ya shida da kuɗin haya.
Tashi mu je."
Ya yi ta mita a cikin keke har ƙofar asibiti.

Da magariba Iya Risikatu ta tare ni a bakin kwata.
"Me injin ya ce?"
"Ya ce da wani abu a ciki."
"Wannan ai na sani tun ba a haifi uwarki ba."
"Ya kuma ce ba na kowace cuta ba ne."
Ta gyara ɗaurin zane, ta dube ni sama da ƙasa.
"Ni na taɓa ce miki na kowace cuta ne?
Kawo mini kwalbata."

Dare ya yi, janaretocin layinmu sun kama musu.
Na rubuta goma sha ɗaya a littafi,
na ja layi a ƙasa, na bar sauran shafin fari.
A murfin kwalbar ɗan man ya maƙale.
Na lakato da ɗan yatsa,
na kai ƙeya.